Yadda Sabon Shiga Zai Haɗa Tafiya da Ɗaga Nauyi Ba Tare da Ya Sare Ba

Duk wanda ya ƙudura fara motsa jiki yakan ci karo da mashawarta iri biyu. Masu sassarfa su ce masa lafiya tana ga zuciya da huhu, ya nemi takalmi ya kama hanya. Masu ɗaga ƙarfe kuma su ce gudu wahalar banza ce, tsoka ita ce jari. A ganina wannan gardama ta 'yan wasa ce, sabon shiga ba shi da rabo a cikinta. Mutumin da ya daɗe bai yi abin da ya sa shi haki ba yana bukatar duka biyun, kaɗan-kaɗan, ɗaya na bin ɗaya. Abin da ke kayar da mutane a wata na biyu kuwa sau da yawa yawan abin da suka ɗora wa kansu ne tun ranar farko, da kuma ma'aunin da suke duba ci gabansu da shi.

Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi, shi ya sa ba a iya zubar da ɗaya. A 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na Landan. Ya gano cewa kwandastoci, da ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba, alhali mota ɗaya suke wuni a ciki. Ɓangaren tsoka kuma, a 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston ta Amurka suka sa tsofaffi goma masu kimanin shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafafunsu na mako takwas, ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya kusa ninkawa uku. Tafiya ita kaɗai ba ta yin wannan aiki, kuma daga shekara 30 zuwa sama tsoka takan riƙa raguwa a hankali idan ba a sa ta aiki ba. Saboda haka ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta haɗa biyun: minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Matakin farko gajere ne amma ba a tsallake shi. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda kan ji ciwon ƙirji ko jiri in ya hau bene, su ga likita kafin su fara. Ko lafiyayye ne ya ji ƙirjinsa na matsewa yana cikin atisaye, ya tsaya nan take.

Mataki na biyu shi ne tafiya zalla har mako biyu: minti 15 zuwa 20, kwana biyar a mako, da saurin da za a iya magana amma ba za a iya rera waƙa ba. Wannan gwajin ya fi kowane agogo mai tsada sauƙi. In jimla ɗaya ta gagara fita sai an tsaya jan numfashi, an zarce, a rage. Dalilin fara da tafiya shi ne ba ta bukatar koyo ko kuɗi, kuma a waɗannan makonni abin da ake ginawa shi ne sabo da fita. A ƙasa mai zafi lokaci ma yana da muhimmanci, don haka a zaɓi sanyin safiya bayan Asuba ko yamma liƙis, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Daga mako na uku a riƙa ƙara minti biyar duk mako har a kai minti 30, wanda sau biyar ya cika 150 ɗin nan. Kada taku 10,000 da wayoyi ke nunawa ya tsorata kowa. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960, kuma binciken da I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta a 2019 kan mata tsofaffi ya ga amfani tun daga taku 4,400 a rana, ya kuma ga amfanin ya daina ƙaruwa sosai a wajen 7,500.

A mako na uku ne ake shigo da ƙarfafa tsoka, kuma nan ne ya kamata a fi natsuwa. A ware kwana biyu da ba sa jere, misali Litinin da Alhamis, saboda tsoka a lokacin hutu take gyaruwa ta ƙara ƙarfi. Motsi huɗu sun isa. A zauna a kujera a miƙe ba tare da dafa komai ba, wannan na cinyoyi da ɗuwawu ne. A dafa bango da tafin hannu biyu, a lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusanci bangon sannan a tura baya. In ya yi sauƙi a koma kan tebur mai ƙarfi, daga baya a sauka ƙasa. A sunkuya gaba, gadon baya a miƙe, a dafa kujera da hannu ɗaya, a jawo jarka da ɗaya hannun zuwa kwiɓi, wannan na baya ne. Na ƙarshe a ɗauki jarka a kowane hannu a yi tafiyar taku 20 zuwa 30 a miƙe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkar lita biyar ma'auni ce da aka san nauyinta, ana iya rage ruwa ko ƙarawa. Kowane motsi a yi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a sake. Nauyin da ya dace shi ne wanda biyun ƙarshe za su yi wuya amma jiki bai karkace ba. A fitar da numfashi lokacin da ake yunƙuri, kada a riƙe shi, domin riƙewar tana ɗaga hawan jini a wannan lokacin. Ranar da 12 ta zo da sauƙi, a ƙara ruwa lita ɗaya.

Wani zai ce shi tumbi yake son ragewa, kuma gudu ya fi ƙona kitse. Gaskiya ne minti 30 na sassarfa sun fi minti 30 na ɗaga jarka cin kuzari. Sai dai rage ƙiba ya fi rataya a kan abin da ke shiga baki, kuma wanda ya rage abinci yana gudu kawai yakan rasa tsoka tare da kitsen. Tsokar nan ita ce ke shanye kaso mafi yawa na sugan da ke shiga jini bayan cin abinci. Wani bincike da Timothy Church ya jagoranta a Amurka, aka wallafa a 2010, ya raba masu ciwon suga rukuni-rukuni na wata tara, kuma waɗanda suka haɗa biyun ne suka sami raguwar suga da ta fito fili. Atisayen ciki shi kaɗai kuma ba ya narkar da tumbi, jiki ba ya zaɓar wurin da zai cire kitse don an motsa wurin. Mata da ke tsoron su zama murɗaɗɗu su kwantar da hankali: irin wancan jiki aikin shekaru ne da nauyi mai yawa da abinci na musamman, jarka sau biyu a mako ba ta kawo shi. Manomi ko ɗan garuwa da ya ce aikinsa ya wadatar yana da gaskiya babba, wannan tsari ya fi shafar mai wuni a zaune a ofis, shago ko bayan sitiyari.

Saura ɗorewa, wadda ta fi komai wuya. Ɗokin farawa kan sa mutum ɗaukar Dala ba gammo, ya yi gudun awa guda ranar farko, ya kwana uku bai iya tsuguno ba, ya ce abin ba nasa ba ne. Tsamin jiki yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye, yana raguwa in jiki ya saba. Wanda ake tsayawa dominsa shi ne ciwo mai suka a gaɓa ko kumburi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutane masu ƙoƙarin sabawa da sabuwar ɗabi'a, suka ga tsaka-tsakin lokacin da ake ɗauka kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rusa sabon ba. Don haka a liƙa atisayen da wani abin da ba a fashinsa, kamar dawowa daga masallaci ko kai yara makaranta, a kuma nemi abokin tafiya, domin kunyar barin mutum yana jira a ƙofa takan fitar da wanda niyyarsa ta yi sanyi. A ajiye sikeli gefe na wata biyu. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta minti nawa aka yi, lita nawa aka ɗaga, sau nawa aka tashi daga kujera. Waɗannan lambobi kan motsa tun a makonnin farko, saboda jijiyoyi suna koyon sarrafa tsoka kafin ita kanta ta girma, alhali sikeli na iya yin wata bai gusa ba.

In rashin lafiya ko balaguro ya sa an yi fashin mako biyu ko fiye, a dawo da rabin abin da aka bari, a cike gurbin cikin mako biyu. A watan azumi a mayar da tafiya dab da buɗa-baki ko bayan Tarawihi, a rage nauyi da tsawon lokaci, amma a riƙe kwanakin nan biyu na tsoka ko da zagaye ɗaya ne na kowane motsi.