Yadda ake raya ruwan sabon tafki kafin a zuba ƴaƴan kifi

Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, malalar da ke cika fadamun Hadejia ta canza hali, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Kirikasamma da Guri. Shi ya sa kiwon kifi a tafki ya cancanci kulawa a wannan yanki. Sai dai wanda ya cika sabon tafki da safe ya zuba ƴaƴan kifi da yamma ya yi gaggawa, domin sabon ruwa, musamman na burtsatse, fayau yake, babu abinci a cikinsa. Abin da ke sa fadama ta yi kifi shi ne ruwan malala yana kwanciya a kan kashin shanu da ruɓaɓɓiyar ciyawa, rana ta buge shi, ƙananan tsirrai da ido ba ya rarrabewa su yaɗu har ruwan ya yi kore. Su ne abincin karfasa, su ne kuma ke zuba iskar shaƙa a ruwa da rana.  A tafki, jiran wannan kore yawanci bai fi mako biyu ba.

Da farko a bar ƙasan tafkin ta sha rana har ta tsattsage. Idan gwaji ya nuna ƙasar tana da tsami, a barbaɗa farar ƙasar noma, kilo 10 zuwa 20 a tafki mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Inda ƙasa ke fitar da kanwa ba a buƙatar wannan, sabon tafkin siminti kuwa jiƙa shi ake yi ana zubar da ruwan sau da yawa har kaifinsa ya fita. Daga nan a sako ruwa iya gwiwa kawai, domin ruwa marar zurfi ya fi saurin ɗumi. In na kogi ne, a ɗaure bakin bututu da gidan sauro riɓi biyu, don kada ƙwan kifin daji ko dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya su shigo. Sai a zuba busasshen kashin kaji a buhu, kilo 5 ga tafki mai girman da aka ambata, a ɗaure, a rataye shi cikin ruwa, ana girgiza shi kowace safiya, ana sabuntawa mako-mako. A ƙara da bokiti biyu ko uku na koren ruwa daga tafkin da kifinsa ke lafiya, kamar yadda ake sa tsohon nono a madara don ta yi kindirmo.

Ma'aunin yana jikin mutum. A nutsa hannu har gwiwar hannu, wato kamu ɗaya: idan tafin ya fara ɓacewa a nan, ruwa ya nuna, sai a cika tafkin zuwa mita 1 a zuba ƴaƴa. Idan ana ganinsa sarai, a ƙara haƙuri. Idan ya ɓace tun a wuyan hannu, taki ya yi yawa, a ciro buhun a ƙara sabon ruwa. A lura kuma, ruwan Hadejia yakan gurɓace da laka, laka kuwa tare rana take yi. A ɗebi ruwan a kwalba a ajiye shi kwana ɗaya: laka za ta kwanta a ƙasa, kore zai zauna a jikin ruwan.

Wani zai ce tarwaɗa yake kiwo, abincin buhu take ci, me ruwansa da kore? Yana da gaskiya game da babbar tarwaɗa a cunkushen tafkin siminti, inda kashinta kaɗai ya isa taki, ƙari ma ɓarna ne. Amma ƙananan ƴaƴanta suna cin ƙwarin ruwan da ke rayuwa a kan koren, duhun ruwan kuma yana ɓoye su daga tsuntsayen fadama. Wani kuma zai ce koren ruwa ne ke kashe kifi da asuba. Hakan na faruwa, domin da dare tsirran suna shan iskar da suka bayar da rana, amma yawan taki ne ke jawo shi, kuma yana da alama: kifi ya taso sama kafin hudowar rana yana haki. Da an ga haka a tsai da taki, a sako ruwa. A lokacin hunturu kuwa, ƙura tana rage rana, sanyi yana rage girman tsirran, don haka kore yakan yi nawa. Ƙara kwanaki ake yi, ba a ƙara buhu.