KAREN GOBIR: NAZARI A KAN SIFFARSA DA HALINSA DA YADDA AKE KULA DA SHI

1.0 Gabatarwa

Cikin dabbobin da Bahaushe ke zaune da su, da wuya a sami wadda ake mora kuma ake rainawa kamar kare. Shi ne mai gadin gida da garke, shi ne abokin tafiyar maharbi a dawa, amma kuma sunansa ake ɗauka in za a ci mutuncin mutum. Wannan maƙala za ta dubi karen gida da ake kiwo a ƙasar Gobir ta Jihar Sakkwato, watau yankin Sabon Birni da Isa. Za a kwatanta shi da danginsa na wasu ƙasashe, a bayyana halinsa, sa'an nan a nuna irin kulawar da ta kamace shi. Manufar ita ce a nuna cewa karen nan iri ne wanda ya dace da ƙasarsa ƙwarai, kuma sakaci da lafiyarsa hatsari ne ga mutanen da ke zaune tare da shi.

2.0 Ƙasar da Karnukanta

Sabon Birni da Isa suna kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a ƙasar da kogin Rima da rassansa suke ratsawa. A nan kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir wanda ya faɗi a 1808, daga bisani wasu Gobirawa suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma a Sabon Birni. Ƙasa ce ta noman gero da dawa a tudu, da noman rani a fadama, ga kiwo, ga kuma farauta a dazuzzuka irin na Gundumi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Duk wanda zai fahimci karen wannan yanki, sai ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a zuciyarsa: aikin da ake nema a gare shi, da zafin da yake rayuwa a ciki.

Galibin karnukan yankin matsakaita ne, ba su da ƙiba. Kansu siriri ne mai tsini wajen hanci, kunnuwa a tsaye ko rabi a tsaye, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, wutsiya kuwa takan lanƙwashe sama. Gashinsu gajere ne, launinsu ja ko ruwan ƙasa ko fari mai dabbare-dabbare, wani lokaci baƙi. Akwai kuma wani kare dabam da ake gani a hannun Buzaye makiyaya, dogo siriri mai kunnuwa a kwance, wanda duniya ta sani da sunan Azawak, sunan kwarin da ya ratsa Nijar da Mali. Wannan da ido da gudu yake farauta, kuma bai kamata a gauraya shi da karen gida ba.

3.0 Matsayinsa Cikin Karnukan Duniya

Babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda ake kira FCI a taƙaice, an kafa ta a 1911, hedkwatarta tana ƙasar Beljiyam. Ta kasa karnuka rukuni 10. Rukuni na 5 shi ne na karnukan da ake kira Sifiz, tare da tsofaffin ire-iren da kiwon zamani bai sauya su ba sosai. Sunan Sifiz daga Jamusanci yake, ma'anarsa "mai tsini", saboda tsinin hanci da kunnuwa. Cikinsu akwai Haski na Saberiya, da Samoyed, da Akita na Japan, da ɗan ƙaramin nan na Fomeraniya. A rukunin ne kuma aka sa Basanji na ƙasar Kwango, wanda ya yi suna saboda ba ya haushi irin na sauran karnuka.

Karen Gobir ba shi da rajista a wannan ƙungiya, amma wanda ya dube shi zai ga alamomin rukunin uku a jikinsa, watau kai mai tsini, da kunne a tsaye, da wutsiya a naɗe. Kama dai ba ta nufin kusancin jini. Babban bambancin yana ga gashi. Sifiz na ƙasashen sanyi gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi kamar auduga, na waje dogo mai kauri, domin tsare shi daga ƙanƙara. Karen Gobir kuwa rigarsa ɗaya ce, shara-shara. Wannan muhimmin abu ne, domin kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Saboda haka fararen karnuka masu yawan gashi da ake sayarwa a manyan birane don ado, wahala suke sha a zafin bazara, zafi kuma yana iya kashe su in babu inuwa da ruwa da iska mai sanyi. Karen gida ya riga ya gaji jure wa wannan.

4.0 Halinsa

Hali na farko shi ne faɗaka. Barcinsa ba shi da nauyi, ji da sansanarsa sun fi na mutum nesa ba kusa ba, kuma yakan rarrabe takun ɗan gida da na baƙo. Na biyu shi ne rashin sakin jiki da wanda bai sani ba. Yakan tsaya daga nesa yana haushi, ba safai yake afkawa ba sai an matsa masa. Na uku shi ne cin gashin kai. Da yake ya saba neman abincinsa a bola da bakin kasuwa, ba ya jiran umurni a kowane abu, kuma wannan hali ne da aka san dangin Sifiz da shi. Na huɗu shi ne son bin duk abin da ya ruga, zomo ne ko gafiya ko kaza. Wannan shi ne jarin maharbi, shi ne kuma tushen rigima da maƙwabta in ba a hore shi ba.

Horo yana farawa tun yana kwikwiyo. Tsakanin mako 3 zuwa mako 12 na rayuwarsa ne yake koyon wanda zai amince da shi. Kwikwiyon da ya tashi cikin awaki da kaji da yara, ana kiransa da suna ana ba shi abinci da hannu, yakan ɗauke su nasa. Wanda kuwa ya tashi cikin jifa da duka, tsoro yake koya, kare mai tsoro kuma shi ne mai saurin cizo. Mafarauta sukan haɗa ƙaramin kare da manya a fita dawa, ya koyi bin sawu ta hanyar kallo.

5.0 Kare a Harshe da Addini

Harshen Hausa ya adana ra'ayi biyu game da wannan dabba. Ana cewa "karen bana shi ke maganin zomon bana", wanda yabo ne ga ƙwazonsa. Ana cewa "kare jini, biri jini" in faɗa ya ci kowane ɓangare. A gefe guda kuma, "karen farauta" ya zama sunan mutumin da ake turawa ya yi wa wani aikin ashsha, "karen mota" kuwa yaron direba ne mai ɗawainiya. Ke nan harshe ya yarda da amfaninsa, amma ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake bi a ƙasar Hausa, ya fi yadda jama'a suke zato sauƙi. A wannan mazhaba jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 bin umurni ne na ibada. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo bisa sharuɗɗa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya hana ajiye kare a gida sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Masu sharhin littafin suna ba da labarin cewa shi kansa malamin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya kafa hujja da sauyin zamani. Wannan labari yana da ma'ana ga mutanen Sabon Birni da Isa, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a kansu tun wajen 2019, har dubbai suka yi hijira zuwa Jihar Maraɗi. Kare ba ya tare harsashi, amma haushinsa na dare gargaɗi ne.

6.0 Kula da Shi

Abincin da aka saba ba shi shi ne ragowar tuwo da ƙanzo da dusa. Wannan yana riƙe rai, amma karen aiki da karya mai shayarwa suna bukatar ƙarin nama ko kifi ko kayan ciki dafaffe. A guji ba shi dafaffen ƙashin kaza, domin yakan tsage ya soke hanji, haka kuma albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata masa jini. Ruwa mai tsabta ya kasance a kaskonsa kullum, a kuma tanadar masa inuwa. Ɗaure kare a rana lokacin bazara zalunci ne.

Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, kuma bai kyautu a raba ta da 'ya'yanta kafin mako 8 ba. Manyan abokan gabansa su ne kaska da ƙuma da ƙazuwa da tsutsar ciki. Kaska tana shan jini tana kuma sa cuta, don haka a riƙa duba kunne da wuya da tsakanin yatsu, musamman da damina. Maganin ƙwarin gona da wasu ke yi masa wanka da shi guba ne gare shi da mai wankan. Malamin dabbobi ne ya kamata ya ba da magani. Yanke kunne ko wutsiya da wasu suke yi ba ya ƙara masa zafin nama, ciwo kawai yake jawowa.

7.0 Ciwon Haukan Kare

Nan ne maganar ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, tana bin jijiya har ta kai ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci shekara. Da zarar alamu sun fito, kamar tsoron ruwa da firgita, da wuya ƙwarai a tsira.

Amma ciwo ne mai rigakafi. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurarsa a Faransa. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar karnuka, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi a Sakkwato. Ana fara yi wa kwikwiyo allura yana da wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wanda aka ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar don fara allura, a kuma tsare karen a lura da shi kwana 10. Jiran a ga ko ciwon zai warke shi ne yake kashe mutane.

Iyakar ƙasa ba ta tsayar da kare. Wanda ya kwana a wani ƙauyen Sabon Birni yana iya wayar gari a Nijar, kuma duk ƙauyen da mutane suka ƙaurace wa, karnukansa sukan koma yawo babu mai su. Don haka allurar da aka yi a gefe ɗaya kaɗai ba za ta wadatar ba. An ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakarwa a kan wannan ciwo, kuma burin da hukumomin duniya suka sa shi ne kawar da mutuwar mutane ta wannan hanya nan da 2030.

8.0 Kammalawa

An ga cewa karen Gobir yana da siffar dangin Sifiz ba tare da nauyin gashinsu ba, yana da faɗaka da juriya da suka dace da ƙasarsa, kuma addini bai hana ajiye shi don bukata ba. Abin da ake bin mai shi kaɗan ne: abinci, ruwa, inuwa, horo ba da duka ba, da allurar rigakafi. Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aikin da ke jira, watau tattara sunayen da Gobirawa ke laƙaba wa karnukansu, da kirarin mafarauta, da kalmomin horo, daga bakin tsofaffin maharba tun suna da rai.