Sarautun Zamanin Manzanni da Amincin Luka

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:1-9, 18:1-17.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya sani sunan sarauta ba ɗaya ba ne a ko'ina. Mai mulkin Barno Shehu ne, na Adamawa Lamiɗo, na Bida Etsu, na Wukari kuwa Aku Uka. In wani ya zo ya ce mana ya yi wata uku a Bida, har ya kai gaisuwa wurin Lamiɗon garin, ba sai mun yi gardama da shi ba. Mun riga mun sani ƙafarsa ba ta taɓa taka Bida ba. Haka kuma wanda ya ba da labarin Idirisu Alauma yana ce da shi Shehu, ya nuna bai san zamanin ba, gama a kwanakin nan Mai ake ce da sarakunan Barno.

Da wannan ma'auni za mu gwada Luka, wanda ya rubuta Bishara ta uku da Ayyukan Manzanni. A farkon Bishararsa ya gaya wa Tiyofilas ya bi diddigin kome da kyau. Yaranmu suna komowa daga makaranta suna tambaya ko labarun nan tarihi ne ko tatsuniya, ya kamata kuwa mu sami abin amsa musu wanda ya fi tsawa.

Mulkin Roma yana da wuyar ganewa. A shekara ta 27 kafin haihuwar Almasihu Kaisar Augustas ya raba lardunan biyu. Waɗanda suke zaman lafiya ya bar wa majalisar dattawan Roma, ita ce take aika musu da muƙaddas, ya yi shekara ɗaya ya sauka. Waɗanda suke bukatar soja ya riƙe a hannunsa, yana naɗa musu wakilinsa. Banda wannan, akwai sarakunan gargajiya kamar gidan Hirudus, manyan birane kuma kowanne da irin shugabanninsa. Lardi kuwa yakan tashi daga hannun majalisa ya koma hannun Kaisar, sunan mai mulkinsa ya sāke. Mutumin da ya zauna a ɗaki bayan shekara ɗari yana ƙaga labari, da wuya ya tsallake ramummukan nan duka.

Bari mu fara da Tasalonika. Da taron jama'a suka rasa Bulus da Sila, sai suka ja Yason da waɗansu 'yan'uwa zuwa gaban mahukuntan birni. Kalmar da Luka ya kira mahukuntan nan da Helenanci ita ce folitark, wato shugaban 'yan gari. Ba a sami sunan sarautar nan haka a littattafan manyan marubutan Helenawa na dā ba, saboda haka aka daɗe ana zaton ko kuskure ne. Amma a yammacin Tasalonika akwai wata tsohuwar ƙofar dutse ta zamanin Romawa, da rubutu a jikinta. Da aka rushe ƙofar a 1876, aka kai dutsen babban gidan kayan tarihi na Ingila a Landan. Rubutun yana jera sunayen masu mulkin birnin, kalmar da ya kira su da ita kuwa ita ce folitark ɗin nan ta Luka. Daga baya an sami duwatsu fiye da 30 masu wannan kalma, yawancinsu a ƙasar Makidoniya, inda Tasalonika take. Abin lura shi ne, Luka bai ɗauki sunan nan ya kai Filibi ba, ko da yake ita ma a Makidoniya take. Filibi mazaunin Romawa ce, don haka ya ba mahukuntanta wani suna dabam, ya kuma ambaci dogaransu masu ɗaukar sanduna, bisa ga al'adar Roma.

Zancen Galiyo ya fi wannan nauyi. A sura 18 Yahudawan Koranti suka kawo Bulus gaban Galiyo, muƙaddashin Akaya, shi kuwa ya ƙi sauraron ƙarar, ya ce maganar shari'arsu ce, su ji da ita. Mun san mutumin nan daga littattafan Romawa, gama shi wan Seneka ne, mashahurin malamin nan da ya koyar da Niro. Amma ko daidai ne a ce da shi muƙaddas? A shekara ta 15 bayan haihuwar Almasihu Kaisar Tibariyas ya karɓe Akaya daga hannun majalisa, ba ta da muƙaddas har shekara ta 44, sa'ad da Kalaudiyas ya mayar da ita. Da Luka ya sa labarin nan shekara goma kafin lokacinsa, da sunan sarautar ya tone shi.

A Delfi, wani gari na ƙasar Helenawa, masu haƙa suka tono gutsattsarin dutse, aka buga abin da ke jikinsu a 1905. Wasiƙa ce ta Kaisar Kalaudiyas, a ciki yana kiran Galiyo abokinsa, muƙaddas. Bisa ga lambobin girma da aka jera wa Kaisar a kan wasiƙar, masana suka lissafta an rubuta ta a farkon rabin shekara ta 52. Tun da muƙaddas shekara ɗaya yake yi, Galiyo ya yi mulki wajen 51 zuwa 52. Luka kuwa ya ce Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti, ashe ya iso wajen shekara ta 50. A kan wannan dutse ne masu nazari suke kafa lissafin shekarun tafiye-tafiyen Bulus, su ƙirga gaba su ƙirga baya. Galiyo da bai kula da manzon ba ko kaɗan, ga shi yau shi ne turken da ake ɗaure tarihinsa.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Sarjiyas Bulus na Kubrus muƙaddas ne a bakin Luka, tsibirin kuwa ya koma hannun majalisa tun 22 kafin haihuwar Almasihu. Babiliyas na Malita ya kira shi na fari a tsibirin, an kuwa sami wannan laƙabi a duwatsun Malita da Helenanci da Latin. A Kaisariya a 1961 aka tono dutse mai sunan Bilatus, mai mulkin Yahudiya. Irin waɗannan abubuwa ne suka juya Wiliyam Ramsi, masanin nan na Sikotilan. Ya tafi Asiya Ƙarama da zaton an rubuta Ayyukan Manzanni can a ƙarni na biyu, bayan shekaru yana bin hanyoyi yana karanta duwatsu ya komo yana lissafta Luka cikin amintattun marubutan tarihi.

Sai dai kada mu ɗora wa dutse kayan da ba zai iya ɗauka ba. Dutsen Delfi ya shaida Galiyo ya yi mulki. Bai ce kome a kan tashin Ubangijinmu daga matattu ba. Abin da ya nuna shi ne halin mai ba da shaida, wato mutum ne mai lura, wanda ya san wuraren da zamanin.

Akwai kuma wurin da maganar ba ta kwanta ba, ba kuwa daidai ba ne mu ɓoye wa yaranmu shi, gama za su ji a wani wuri. Luka 2:2 ta haɗa haihuwar Yesu da ƙidayar da aka yi a zamanin Kiriniyas mai mulkin Suriya. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya sa ƙidayar Kiriniyas a shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu, alhali Hirudus Babba, wanda Matiyu ya ce an haifi Yesu a zamaninsa, ya mutu wajen shekara tara ko goma kafin wannan. Waɗansu masana sun ce Kiriniyas ya riƙe iko a Suriya sau biyu, waɗansu sun ce ana iya fassara ayar da ma'anar ƙidayar da ta riga ta Kiriniyas, waɗansu kuma suna gani Luka ne ya haɗa lokatai biyu. Har yanzu bakinsu bai zo ɗaya ba. Luka dai ya san ƙidayar shekara ta 6, gama ya ambace ta ta bakin Gamaliyal a Ayyukan Manzanni 5:37.

Tambayoyi

1. Don me Galiyo ya ƙi yin shari'ar Bulus, ƙin nan kuwa wane amfani ya yi wa ikilisiyar Koranti?
2. A karanta Luka 3:1-2. Masu mulki nawa aka ambata, don me Luka ya jera su kafin ya fara labarin Yahaya?
3. In ɗanka ya zo maka da zancen Kiriniyas, ƙaƙa za ka amsa masa?