Rawa da Dambe

Idan damina ta wuce, aka yanke gero da dawa aka kai rumbu, sai samari su sami sukunin wasa. A Dakko da sauran garuruwan ƙasar Bakura da Mafara da Maradun, a lokacin nan ne akan ji kalangu yana tashi a dandali da la'asar. Kowa ya ji ya san za a yi dambe.

Yaro mai lura zai ga wani abu tun ba a kai naushi ba. Makaɗi yakan fara da kaɗa taken ɗan dambe. Da jin takensa sai ya zabura, ya shiga fili yana taka rawa, yana rangaji, sa'an nan ya ɗaga hannu ya yi kirari. Waɗansu suna tsammani fahariya ce kawai. Ba haka ba ne. Rawan nan ita ce take ɗumama masa jiki, ta saki gaɓoɓinsa, ta kuma kore masa tsoro.

To, ku dubi tsayuwarsa sa'ad da aka haɗa shi da abokin karawa. Yakan sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ya ɗan rusuna. Hannun da aka naɗe da zare yana baya, shi ake kira mashi. Ɗayan kuwa yana gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Ya matsa, ya ja da baya, ya goce, ya kewaya. Duk wannan aikin ƙafa ne da ƙugu, kuma da su ne mai rawa yake aiki. A dambe, wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi. Watau komai ƙarfin damtsenka, in ƙafarka ba ta kafu ba, ka sha ƙasa.

Akwai kuma sanin lokaci. Mai rawa yana sauraron ganga, ba ya riga ta, ba ya kuwa bari ta wuce shi. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Haka ɗan dambe yake kallon abokin karawarsa. In ya yi gaggawa ya naushi iska, in ya yi nawa a riga shi.

Ƙasar nan ta yi suna wajen dambe. Shago, wanda ya buwayi mazaje a zamaninsa, mutumin 'Yar Kofoji ne a ƙasar Bakura. Makaɗinsa shi ne Ɗan Anace, wanda ya yi masa waƙa da kalangu, har yau ana sauraronta. Da wuya a ambaci ɗayansu ba a tuna da ɗayan ba, gama kiɗa da dambe tare suke tafiya. Haka abin yake ga 'yan kokawa da 'yan tauri da maharba, kowannensu da irin kiɗansa da irin rawarsa.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samun wannan ba. Can hayin teku akwai wata ƙasa, sunanta Birazil, inda aka kai mutanen Afirka da yawa a zamanin cinikin bayi. Su da jikokinsu suka ƙago wani wasa da ake kira kafuwera. Mutane su yi da'ira, ana kiɗa ana tafi, biyu su shiga tsakiya suna kai wa juna shuri suna gocewa. Baƙo ya gani sai ya ce rawa ce, alhali kuwa dabarar kare kai ce. A 1890 hukumar ƙasar ta hana wasan, amma bai mutu ba. Daga baya aka ɗage dokar, har ana koyar da shi a makarantu.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, rawa da dambe duka suna koya wa mutum ya mallaki jikinsa. Wanda ya mallaki jikinsa kuwa, wajibi ne ya mallaki zuciyarsa. Dambe yana da fili, yana da alƙali, yana da ƙa'ida, kuma da zarar mutum ya faɗi ba a ƙara taɓa shi. Yaron da ya naushi ɗan'uwansa a hanyar makaranta don fushi, ba ɗan dambe ba ne, mafaɗaci ne, yana kuwa iya jawo raunin da ba ya warkewa.

Tambayoyi

1. Wane amfani rawa take yi wa ɗan dambe kafin ya kara?
2. Mene ne mashi, mene ne garkuwa?
3. Wane ne makaɗin Shago?
4. Mene ne bambancin ɗan dambe da mafaɗaci?