KADA A MANTA DA KOWA: Darasi A Kan Ƙungiyoyin Hidima Cikin Ikkilisiya

Wuraren karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7; Fitowa 18:13-26; 1 Korantiyawa 12:12-27.

Gabatarwa

Kowace ranar Lahadi, kafin wa'azi, magatakardan ikkilisiya yakan miƙe da takarda a hannu ya soma sanarwa. Zumuntar Mata za su taru ran Talata da ƙarfe huɗu. Mawaƙa suna da koyon waƙa ran Laraba da Asabar. 'Yan Birged su zo fareti da cikakkun kayansu. Sabon Rai za su fita wa'azi ƙauye. Malaman Makarantar Lahadi su tsaya bayan sujada. Mu da muke zaune a benci mukan ƙosa, wani ma har ya soma gyangyaɗi. Wani ɗalibi ya taɓa tambaya a ajin Littafi Mai Tsarki ya ce, "Malam, tun da ikkilisiya ɗaya ce, me ya kawo ƙungiyoyi barkatai haka?"

Tambayar ta cancanci amsa. Abin da muka gano cikin nazarinmu shi ne, ana kafa ƙungiya domin kada a manta da kowa, kada kuma nauyi ya danne mutum ɗaya. Ranar da ƙungiya ta bar wannan dalili, ta zama kaya a wuyan ikkilisiya.

1. Gunagunin da ya haifi ƙungiya ta fari

Masu bi a Urushalima sun fara ne da mutum wajen 120. A ranar Fentikos aka ƙara musu wajen 3,000, ba da daɗewa ba yawan maza kaɗai ya kai wajen 5,000. Manzanni kuwa goma sha biyu ne. Su ne masu wa'azi, su ne masu addu'a, a gabansu kuma ake ajiye kuɗin da 'yan'uwa suka kawo domin mabukata.

Sai aka soma gunaguni. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kowace rana, ana kula da na Ibraniyawa. Littafi bai ce da gangan aka yi ba. Jama'a ce ta yi yawa, harshe ya bambanta, matar da ba ta da miji, ba ta kuma jin harshen masu rabo, ita ce ta kwana da yunwa.

Mu lura da abin da manzanni suka yi. Ba su tsawata wa masu gunaguni ba, ba su kuma ce za su ƙara ƙoƙari su riƙe kome da kansu ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai waɗanda ake yaba halinsu, cikakku da Ruhu da hikima, a danƙa musu rabon, su kuwa su lizimci addu'a da hidimar Maganar Allah. Aka zaɓi Istifanas, da Filibus, da Burokoras, da Nikanar, da Timan, da Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Dukan sunayen nan bakwai na Helenanci ne, abin da yake nuna cewa daga ɓangaren da ya kawo kuka aka ɗauko masu share hawaye.

Abubuwa uku ne a nan. Na fari, bukata ce ta haifi ƙungiyar. Na biyu, an nemi hali da cikar Ruhu ko da aikin na rabon abinci ne kawai. Na uku, manzanni suka yi musu addu'a suka ɗibiya musu hannu, wato ƙungiyar tana ƙarƙashin ikkilisiya. Sakamakon kuwa, Maganar Allah ta yaɗu, almajirai suka ƙaru, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

2. Shawarar suruki

Tun kafin wannan, Musa ya sha irin wahalar nan a jeji. Yakan zauna yana yanke wa jama'a shari'a daga safe har yamma, mutane suna tsaye kewaye da shi. Surukinsa Yetro ya gani, ya gaya masa gaskiya cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya naɗa amintattu masu tsoron Allah, waɗanda ba sa cin hanci, a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin, da goma goma. Ƙananan matsaloli su ƙare a wurinsu, manya su kai ga Musa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rukunin goma shi ya fi jan hankalinmu. Cikin mutum dubu, in ɗaya bai zo ba, ba mai sani. Cikin mutum goma kuwa, gurbinsa a fili yake. Ubangijinmu Yesu ma, ko da yake taro masu yawa suna binsa, ya keɓe goma sha biyu su zauna tare da shi, sa'ad da ya aike su kuma ya aike su biyu biyu.

3. Bashin da ya zama albarka

Tarihin ikkilisiya ya maimaita wannan darasi. A shekara ta 1742, a birnin Biristol na Ingila, jama'ar John Wesley suna da bashi a kan ɗakin taronsu. Wani mai suna Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Da aka ce akwai matalautan da ba za su iya ba, sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai riƙa zagawa gidajensu kowane mako, abin da suka kasa shi zai cika. Aka raba jama'a rukuni rukuni, wajen goma sha biyu a kowanne.

Masu karɓar kwabo suka shiga gidaje, sai suka soma ganin abin da ba a gani daga bagade, wato yadda 'yan'uwa suke zaman rayuwarsu, da waɗanda suka fara ja da baya. Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan. Daga baya rukunan suka riƙa taruwa wuri ɗaya mako mako domin addu'a da ƙarfafa juna, suka zama ƙashin bayan Ikkilisiyar Metodis. An fita neman kuɗi, an dawo da hanyar kiwon rayuka.

4. Ƙungiyoyin da muka gāda

In mun bi asalin ƙungiyoyin da muke jin sunayensu a sanarwa, za mu tarar kowacce ta taso ne domin waɗansu da aka kusa mantawa.

Makarantar Lahadi: A 1780 Robert Raikes, mai buga jarida a garin Gulosta na Ingila, ya ga yaran talakawa suna aiki kwana shida a mako, ran Lahadi kuma suna gararamba a titi. Ya nemo masu koya musu karatu da Littafi Mai Tsarki a wannan rana.

'Yan Birged: William Alexander Smith malamin Makarantar Lahadi ne a birnin Gilasgo. Samarin ajinsa suka gagare shi, sai ya haɗa musu horo irin na soja da koyarwar Littafi, ya kafa Boys' Brigade a 1883. Ƙungiyar ta iso Legas a 1908. Ta 'yanmata kuma ta soma a Dabilin a 1893. Ashe fareti da ganga ƙugiya ce ta kama yaro, ba su ne manufar ba.

Zumuntar Mata: Wannan tamu ce ta gida. Mun san su da zane iri ɗaya, da kiɗan tulu da caki, amma babban aikinsu ba a cikin majami'a ake ganinsa ba. Su ne a gidan mai jego, su ne a gidan makoki suna ɗebo ruwa suna hura wuta, su ne masu zagayen asibiti, masu koya wa amare zaman aure. Da ikkilisiyar Urushalima tana da irinsu, da wuya gwauruwa ta kwana da yunwa.

Zumuntar ɗalibai ta FCS: An kafa ta a 1957 a Gindiri, domin ɗalibin da ya bar gida ya shiga makarantar kwana ya sami 'yan'uwa masu riƙe shi cikin bangaskiya.

Sabon Rai Don Kowa: Ta soma a farkon shekarun 1960, ta wurin ƙoƙarin Rabaran Gerald Swank na mishan ɗin SIM tare da shugabannin ikkilisiyoyi dabam dabam. Koyarwarta ita ce shaidar bishara aikin kowane mai bi ne, ba na fasto kaɗai ba. Ƙarfinta kuwa ƙananan rukunan addu'a ne a gidaje da unguwanni.

Akwai kuma waɗanda ba su da tuta ko rigar ƙungiya: masu share majami'a, masu jera benci, masu karɓar baƙi a ƙofa, masu ƙirga baiko, masu fassara wa'azi. Manzo Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki, ya nuna cewa gaɓoɓin da muke gani kamar marasa ƙarfi su ne ba a iya rabuwa da su. Ranar da mai shara bai zo ba, ranar kowa yakan san darajarsa.

5. Inda bango yakan tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga tsagogi huɗu da ya kamata mu kiyaye.

Gasa. A Korinti waɗansu suka ce su na Bulus ne, waɗansu na Afolos, waɗansu na Kefas. Mu ma mukan ji ana cewa, "Mu mawaƙa," "Mu 'yan Birged," ana jayayya a kan wa zai fara shiga, wa aka ba minti goma, wa ya tara baiko mafi yawa.

Ƙabilanci. In ƙungiya ta zama ta mutanen harshe ɗaya ko gari ɗaya, har baƙo ya zo sau biyu bai ƙara dawowa ba, mun koma kan kuskuren da aka gyara a Urushalima.

Hidima ba Magana. Mai waƙar da yakan fita waje da zarar an soma wa'azi yana ciyar da waɗansu, shi kuwa yana ramewa.

Kuɗi ba lissafi. Asusun da ba a karanta rahotonsa a gaban 'yan ƙungiya da dattawa yakan jawo zargi, ko da mai ajiya amintacce ne.

Ba daga littafi kaɗai muka koyi wannan ba. Akwai shekarar da dukan ƙungiyoyinmu suka duƙufa shirin ranar godiya ta kaka. Mawaƙa suna koyo har dare, 'yan Birged suna fareti, 'yan wasan kwaikwayo suna haddace layi. A cikin makonnin nan wani yaro ɗan aji ɗaya, wanda garinsu yake da nisa, ya kwanta asibiti kwana goma sha biyu. Ba ƙungiyar da ta je gaishe shi, gama sunansa ba ya cikin rajistar kowacce. Kowa ya ɗauka waɗansu sun je. Wata Mama daga cikin masu dafa mana abinci ce ta lura kwanonsa ba ya zuwa, ta tambaya, ta dama kunu ta kai masa. Ranar godiya ta yi kyau, an yi mana tafi, amma da labarin ya fito kunya ta rufe mu duka. Daga nan ne muka raba kowane ɗakin kwana rukuni rukuni, aka sa mai kula a kan kowanne, domin in gado ya kwana ba kowa a sani kafin gari ya waye.

6. Ga 'yan'uwanmu masu fita

Ku da kuke gama makaranta bana, a nan ƙararrawa ce take tashe ku zuwa sujada, an kuma san bencin kowa. Inda za ku, ko jami'a, ko wurin aiki, ko babban birni, za ku shiga majami'ar da ta cika maƙil, ba wanda ya san sunanku. Da sauƙi mutum ya zauna a bencin baya wata shida, sa'an nan ya daina zuwa, ba mai tambaya. Da yawa da suka yi zafi a nan haka suka huce.

Shawararmu ita ce, cikin watan fari ku gabatar da kanku ga fasto ko dattijo, ku shiga ƙungiya ɗaya. Ku zaɓa bisa ga baiwar da Allah ya ba ku da bukatar da kuka gani, kada kyan riga ko yawan abokai ya ja ku. Ɗaya da aminci ta fi biyar da sunanku kawai yake ciki. In ba ku da murya, wataƙila kuna da haƙurin koyar da yara. In kuna jin tsoron tsayawa gaban jama'a, kuna da ƙafar zuwa asibiti. In kuma kun ga waɗanda ba mai kula da su, kada ku tsaya ga gunaguni, ku kai maganar wurin dattawa, ku ce ga ku.

Mu da muka rage kuma, malamai da ɗalibai da iyaye, bari kowace ƙungiya ta buɗe rajistarta a farkon shekara ta yi tambaya biyu: wa ya daina zuwa, wa kuma ba a taɓa rubutawa ba?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa manzanni suka nemi mutane cikakku da Ruhu domin aikin rabon abinci?
2. Wace bukata ce ta sa aka kafa ƙungiyarku? Har yanzu kuna biyanta?
3. Su wane ne "gwaurayen" da ake tsallakewa a makarantarmu ko a ikkilisiyarku?
4. Wane taimako ƙungiyarku za ta iya yi wa wata ƙungiya kafin ƙarshen wannan zango?

Ubangiji ya buɗe idanunmu mu ga wanda aka manta, ya kuma ba mu zuciyar zuwa wurinsa. Amin.