Kafin Likita Ya Leƙa Hanjinka, Ɗana

Ɗana, labari ya iso mini cewa likita ya ce sai an leƙa babban hanjinka da na'ura. Kada gabanka ya faɗi. Gwaji ne, ana yi ana tashi lafiya. Na ma ji daɗi da ka kai kanka asibiti. Mutanenmu da yawa, daga Tsafe har Bungudu, in sun ga jini a bayan gida sai su ce basir ne, su tsaya wajen mai lasifika a bakin kasuwa su sayi jiƙo. Ba na ganin laifinsu, abin da suka taso suka tarar ke nan. Sau da yawa ma basir ɗin ne. Amma wani lokaci ɗan tsiro ne a can ciki, wanda in aka bar shi shekara da shekaru yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 kaɗai mutum sama da miliyan 1.9 ne aka samu da dajin babban hanji. Wannan gwajin yana ganin tsiron tun yana ƙarami, sau da yawa a cire shi nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne jajibirin gwajin, ranar wankin ciki. A nan mutane suka fi yin sake.

Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, ga lanƙwasa, ga lungu. Likita zai bi shi ne da siririn bututu mai fitila da kyamara a baki. In zobe ya faɗa randa, ruwan kuma ya gurɓace, ko fitilar wa ka aro ba za ka gan shi ba. Haka hanjin da bai wanku ba yake. Likita zai iya wuce tsiro bai gani ba, ka koma gida da murna alhali ciwon na nan. Ko ya dakata ya ce ka dawo wata rana. Sai sabon kuɗin gwaji, sabon kuɗin mota, sabuwar yunwa. In asibitin Shika aka tura ka, ko asibitin Malam Aminu Kano, sai ka sake hawa hanyar Funtuwa. In Sakkwato ce, sai ka sake ratsa Gusau. Ka kuwa san yadda hanyoyin nan suke a 'yan shekarun nan.

Maganin wankin cikin ba iri ɗaya ba ne. Akwai hodar da likitoci ke kira PEG, wadda aka fara haɗawa a Amurka a 1980. A kemis za ka ji sunaye irin su Fortrans da Moviprep. Jiki ba ya tsotse ta. Riƙe ruwa take yi, ta ratsa hanji ta share duk abin da ta tarar, kuma an zuba mata gishirin da ke kare jiki daga raguwar nasa. Shi ya sa likitoci suka fi zaɓar ta ga tsofaffi da masu raunin ƙoda ko zuciya. Wahalarta yawa. Fortrans takan kai lita 3 zuwa 4, ka ce leda shida zuwa takwas ta fiya wata. Moviprep lita 2 ce, a bi ta da ƙarin lita guda ta ruwa. Ɗanɗanon ba daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Ka sanyaya ta, ka riƙa shan kofi guda duk bayan minti 10 ko 15. In zuciyarka ta tashi, huta rabin awa ka ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma Picolax da 'yan uwanta. Ƙunshi biyu ne kacal, kowanne a kofi ɗaya. In ka dama ka ji kofin ya ɗauki zafi, haka take, bar ta ta huce. Mutane sun fi son ta saboda ƙanƙantarta. Sai dai ita daga jikinka take janyo ruwan da take aiki da shi. Wanda ya sha ta bai bi ta da ruwa mai yawa ba, zai bushe, jiri ya ɗebe shi, hanjin ma bai wanku ba. Mai ciwon ƙoda kuwa ba tasa ba ce.

Wasu asibitocinmu har yanzu suna bin tsohuwar hanya, don ta fi araha: ƙwayar Dulcolax, man zurma ko gishirin Epsom, na kwana biyu ko uku, wani lokaci da ɗura ruwa ta dubura. In ita likitanka ya rubuta, bi ta yadda ya rubuta. In aljihu ne ya yi nauyi, faɗa masa a fili, babu abin kunya. Kada dai ka bar yaron kemis ya musanya maka. Akwai wani ruwan wankin ciki mai sinadarin fosfet da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a Disambar 2008, domin ya lalata wa wasu ƙoda. A ido duk maganin zawo ne, a jiki kuwa kowanne da mai shi.

Na san za a samu mai ƙaunarka a gida da za ta ce a jiƙa maka filasko, ko tsamiya da jar kanwa, ai su ma suna wanke ciki. Ka gode mata, da zuciya ɗaya ta faɗa. Filasko magani ne na gaske, danginsa ma ana yin ƙwaya da su. Amma jiƙo ba shi da awo. Yau ya murɗa maka ciki har ka galabaita, gobe ya saki rabi ya bar rabi, ga ɓarɓashin ganye da zai manne a bangon hanji. In ka daɗe kana shan irin waɗannan, gaya wa likita, domin sukan rina cikin hanji ya yi duhu.

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka yi sallama da wake, dambu, zogale, rama, kuɓewa, gyaɗa da riɗi. 'Ya'yansu da zarensu suna maƙalewa. Ka koma farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, kifi ko kaza. Ranar jajibiri kuwa sai abin da ido ke ratsawa: ruwa, shayi ba madara, tataccen romo, ruwan gishiri da sukari. Fura da nono ba sa ciki, kunu ma haka. Zobo ka bar shi sam, don jansa a hanji kama yake da jini. Kuma ba ranar azumin nafila ba ce, jikinka ruwa yake nema.

Likitoci sun gano cewa raba maganin biyu ya fi wanke hanji: rabi da yamma, rabi da asubar ranar gwajin, a gama aƙalla awa biyu kafin a shiga. Wannan ba zai yiwu a cikin motar haya ba. Ka isa garin tun ana gobe, da rana tsaka, ka sauka inda banɗaki ke kusa da shimfiɗarka. Ka tanadi buta, da man kaɗanya na shafawa saboda raɗaɗi. Batun alwala kuwa, tambayi malaminku sauƙin da aka yi wa mai lalura. Alamar an gama ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garau, rawaya-rawaya, ba gudaji. Ko ka ga haka da wuri, ƙarasa sauran.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun ranar da za a ba ka lokaci, kwashi duk magungunan da kake sha ka zube gaban likita. Ƙwayar ƙarin jini ana dakatar da ita kamar mako guda, don tana baƙanta bayan gida ta sa shi danƙo. Maganin tsinka jini, na ciwon sukari da na hawan jini, kowanne akwai yadda za a gyara shansa. Shi zai faɗa, kada ka yanke da kanka. Mai sukari da ya sha ƙwayarsa kamar kullum alhali bai ci komai ba, yana iya faɗuwa.

In ka sha maganin, ciki ya kumbura ya ɗaure ba abin da ke fita, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ka ji za ka suma, ajiye kofin ka nufi asibiti. Kada a jira gari ya waye.

Ka tafi da ɗan rakiya, ƙaninka ko abokinka. Allurar barcin da za a yi maka kafin gwajin takan bar mutum da maye har dare, don haka ranar ba tuƙi, ba hawa mashin. In an ɗebi ɗan nama don aunawa, tambayi ranar da sakamakon zai fito, ka koma ka karɓa da hannunka, ka kai wa likitan da ya tura ka. Allah Ya sa a ji alheri, ɗana. Ka gaishe mini da mutanen gida.