Yadda Ake Neman Fara Mai Kama da Ganye

Wanda duk ya kwana a ƙauyukan Tudun Wada ko Doguwa cikin marka ya san yadda daji ke ɗaukar ƙara bayan lisha, kuma galibin mutane sukan jingina wannan kuka ga gyare kaɗai, alhali kuwa da yawansa na wata irin fara ne, koriya shar, wadda Ubangiji ya suranta fukafukanta da siffar ganye har da jijiyoyinsa, wadda masana suka ƙidaya danginta fiye da iri 6,000 a duniya.

Da farko sai ka zaɓi lokaci, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ciyawa ta kai ƙugu. Ba sai ka kutsa dajin Falgore da dare ba, wannan ganganci ne. Gefen gonar masara a Kiru, ko sabara da kalgon da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, sun wadatar. Ka sa takalmi rufaffe saboda kububuwa, ka riƙi tocila da kwalba mai hujajjen murfi, ka kuma tafi da yaro, domin kukan waɗansunsu yana da sirantakar da kunnen dattijo ba ya riskarsa.

In ka isa, kashe tocila ka yi tsit. Namiji ne mai kukan, da fukafukansa na gaba yake goga ɗaya bisa ɗaya yana kiran mace, kuma da zarar ya ji motsinka zai yi shiru. Saboda haka sai ka matsa taki biyu, ka dakata har ya sake, ka ƙara matsawa, haƙuri dai shi ne jarin wannan aiki. In ka tabbatar da reshen da kukan ke fitowa, haska shi daga gefe, ka nemi ganyen da ke da zare biyu a goshi, masu tsawon da ya kan zarce jikinsa, gama wannan ita ce babbar alamar da ta bambanta ta da babe da sauran farar da ake soyawa, masu gajerun zaruruwa.

Kama ta a hankali ta fukafukai, don takan yi cizo, ƙafarta ta baya kuma tana saurin cirewa. Dubi ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan, za ka ga 'yar ƙofa mai fatar tantani: nan ne kunnenta, abin da ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tafakkuri. In ka ga wani abu mai lanƙwasa kamar lauje a bayanta, mace ce, da shi take tsaga ganye ko kara ko ƙasa ta zuba ƙwai, shi ya sa ƙunar daji da rani take halaka zuriyar da ke cikin karare tun kafin damina ta ƙyanƙyashe ta. Bayan ka gama nazari, mayar da ita reshen da ka same ta.